Azurfa mai aƙiƙ ko tagulla mai murjani?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin nuna sarƙoƙi biyu na ƙirar hannu, azurfa mai aƙiƙ da tagulla mai murjani, kina tambayar wacce za ki ɗauka. Cikin biyun, idan sauƙin kula kike nema, ɗauki azurfar mai aƙiƙ kawai.

Tawa ƙirar Buzaye ce ta Agadas, gadon kakata, jan aƙiƙ a tsakiya da zanen maƙera a gefe. Allah Ya jiƙan Hajiya, a ƙyalle take naɗe ta ta jefa cikin adaka, sai sallah ko biki take fitowa. Yanzu ni ke sa ta, kuma duk gidan sunan da na shiga sai an taɓa an tambaya. Azurfa ba ta tsatsa, baƙi take yi, saboda sinadarin sulfa da ke cikin iska da gumi. Wannan baƙin a sama yake, ba ya cin ƙarfen. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, tsohon buroshin haƙori mai laushi, ki goge da auduga har ta bushe sarai, shi ke nan. Aƙiƙ dutse ne mai tauri, kusan 7 a ma'aunin taurin duwatsu, don haka wanka ɗaya suke yi da azurfar ba abin da zai same shi.

Abu biyu dai ki kiyaye. Kada ki dirje ta da toka ko yashi yadda ake yi wa tukunya, zanen zai shafe a hankali. Sannan baƙin da ke cikin ramukan zanen ki bar shi, shi ke fito da adon. Akwai masu jiƙa azurfa a tafasasshen ruwa da bekin soda da takardar alminiyam. Yana aiki kam, amma yana kwashe har baƙin cikin zanen, kuma idan da gam aka liƙa dutsen, zafin zai iya sakin sa.

Tagulla kuwa ina da munduwa ɗaya, tana can ƙasan durowa. Da zafi ya shigo sai ta bar min kore a hannu. Babbar matsalar sarƙar tagullar da kika nuna ita ce haɗin tagulla da murjani: tsamiya ko lemun tsami da gishiri ke sa tagulla ƙyalli, shi kuma murjani daga teku yake, dangin alli ne, taurinsa bai wuce 3 zuwa 4 ba, tsami na cinye shi ya dusashe. Abin da zai gyara ƙarfen shi zai kashe dutsen. Sai dai ki riƙa kwance ta duk lokacin wanki, wa ke da wannan lokacin?

Ko wacce kika ɗauka, ki gama shafa mai da humra da turaren wuta kafin ki sa, ki cire kafin wanka da wanke-wanke, musamman in da bilic. Kowacce da jakarta, don aƙiƙ na karce azurfa in suna gogayya.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai farin ƙarfe na haɗin tagulla da nikel wanda babu ɗigon azurfa a ciki, ana sayar da shi da sunan azurfa. Tambarin 925 na nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, amma kowa na iya buga shi, kuma ƙirar gargajiya da yawa ba ta da tambari sam. Maganaɗisu ma baƙin ƙarfe kawai yake tonawa. Dutsen gaske sanyi gare shi a kumatu da nauyi a hannu, roba ɗumi da sakayau, gilashi kuma sau da yawa za ki ga kumfa a ciki idan kika ɗaga shi a rana. Ki ce za ki kai wa maƙerin da kika sani ya gwada kafin ki biya. In mai kaya ya fara kame-kame, ajiye masa abinsa.