Sin 31° ba kalkuleta: a tashi daga 30° ko daga sifili?

Ɗan'uwa, ka tashi daga 30°. Ga dalili.

Dabarar ita ce ka tsaya a kusurwar da ka haddace sin ɗinta, ka ja miƙaƙƙen layi da ya shafi lanƙwasar zanen sin a nan, ka bi shi taku ɗaya: f(a+h) ≈ f(a) + f′(a)×h. A nan f ita ce sin, a kusurwar da ka haddace, h tazarar da za ka ƙara, f′(a) kuma gangarar layin. A 30°, sin 0.5 ne, gangararsa kuma cos 30°, wato 0.8660. Tazarar digiri 1 ce, amma sai ka mayar da ita radiyan (wani ma'aunin kusurwa ne, inda 180° yake daidai da π), π/180, wato 0.01745. Ninka gangarar da tazarar ka samu 0.01511, ka ɗora a kan 0.5, ya zama 0.51511. Ainihin amsar 0.51504 ce. Kuskuren bai kai 0.0001 ba, a layi uku na takarda! Kiyasin ya ɗan haura ne saboda tsakanin 0° da 180° sin a kife yake kamar ƙwarya, layin kuma ta samansa yake bi.

Tashi daga sifili, sin x ≈ x (x a radiyan), ya fi sauri, iyakar yabonsa ke nan. A 10° yana ba da 0.1745 maimakon 0.1736, ba laifi. A 31° kuwa 0.5411 zai ba ka, kuskuren kusan kashi 5 cikin 100. Bar shi ga ƙananan kusurwoyi.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne radiyan ɗin. Wanda ya sa h = 1 zai samu 1.366, alhali sin ba ya wuce 1 ko da wasa. Gangarar sin tana zama cos ne kawai idan da radiyan ake awo. Wuri na biyu da ake faɗuwa alamar ragi ce: gangarar cos ita ce −sin, don haka daga 60°, cos 61° ≈ 0.5 − 0.01511 = 0.4849. Ragewa ake yi. Kuma idan ka ninka tazarar sau biyu, kuskuren zai ninku kusan sau huɗu, shi ya sa 40° daga 45° ake kamo shi, don ya fi 30° kusa.

Ba ka tambaya ba, amma in za ka sayi kalkuletar duba aikinka, kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a kan kuɗin na asali. Kada ka biya sai an sa batir a gabanka ka danna sin 30. In ta nuna −0.988 maimakon 0.5, ba ta lalace ba, tana kan RAD (radiyan) ne, mayar da ita DEG (digiri). Mai shagon da ya hana ka gwadawa, wuce gaba.