Katako ko allon MDF: da wanne za ka haɗa gadonka?

Ɗan uwa, ka ce kana da katifa shida-da-shida, kana zaune a gidan haya, kana da zarto da guduma da injin huda, kuma kana so ka haɗa gado da hannunka. Tambayarka ita ce ka sayi katako, ko kuwa allon MDF irin wanda ake yin gadajen amare da shi yanzu. Na ga wasu sun riga sun ce maka MDF saboda kyau. Ni ba zan ce sun yi kuskure gaba ɗaya ba, amma gado ba kyau kaɗai ake nema a jikinsa ba.

A fara da inda MDF ya yi gaba. Garin katako ne aka cuɗa da gam, aka matse da zafi ya zama allo. Yana zuwa ƙafa 4 a ƙafa 8, a miƙe sambal, babu kulli, babu tsagewa, kuma galibi an riga an manna masa launi, ba ka buƙatar fenti. Katako kuwa sai ka tsaya ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, a goge maka a inji, ka bi da sanfefa, sannan ka shafa. In sauri da ƙyalli ake magana, MDF ya ci.

To amma gado ba kamar kabad ba ne da za a jingina da bango a bar shi. Kullum ana hawa ana sauka, ana juyi, yara suna tsalle a kai, kuma duk wannan motsi a kusurwoyi huɗu yake tarewa. A nan ne su biyun suka rabu. Katako yana da jijiya a cikinsa, noti yana shiga ya kama ta ya riƙe. MDF ba shi da ita. In ka ɗaura noti a fuskarsa zai ɗan riƙe, amma in ta bakin allon ne, yakan dare, kuma ramin yana ƙara faɗi duk lokacin da aka kwance aka mayar. Kai da kake gidan haya, wannan ya shafe ka kai tsaye: ranar tashi dole a kwance gado. Na katako za ka kwance ka mayar sau da yawa yana nan yadda yake. Na MDF daga tashi na biyu sai ka ji noti yana juyawa ba ya tsayawa, gado ya fara kuka da dare. Ga kuma nauyi: allo ɗaya mai kaurin milimita 18 yana kai wa kusan kilo 40.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne babban abin dubawa. A gidajenmu ana goge ɗaki da ruwa kusan kullum, ga yaro mai fitsarin kwance, ga danshin damina. Duba ƙasan tsohon gadon MDF ka gani: bakin da ke taɓa ƙasa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ledar jikinsa ta ɗaye, in ka sa farce sai ya marmashe. Wannan ba ya komawa ko ya bushe. Katako in ya jiƙe zai bushe ya ci gaba da aikinsa. Wani allo ɗan uwan MDF da ake kira HDF a kasuwa ya fi MDF tauri da jure danshi, amma shi ma ba a yi shi don zama cikin ruwa ba.

Kada ka ɗauka katako ba shi da tasa matsalar. Yawancin abin da ake saukewa a kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kuma sau da yawa ɗanye ne. Ka haɗa gado da shi a watan Agusta, hunturu na kamawa sai ya tsotse. Katako ta faɗinsa yake raguwa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa mahaɗa ke buɗe baki, wani ma ya murɗe. Wannan ɓarakar ita ce gidan kuɗin cizo. Saboda haka ka ɗaga katakon ka ji: ɗanye ya fi nauyi, yana da sanyi a hannu. Ka ɗora ido a bakinsa ka hango tsawonsa, in ya lanƙwashe ka ajiye. In ka kawo gida ka jera shi a inuwa, ba a rana ba, ka sa ƙananan guntaye tsakanin kowane layi iska ta ratsa, ka ba shi makonni. Wanda ba shi da haƙurin wannan, gaskiya MDF zai fi ba shi abin da ya zata a watannin farko.

Kuma katakon ma iri-iri ne. Farin katako irin obeche yana da araha, ba nauyi, zarto na cinsa ba wahala, amma laushi gare shi, kuma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo gari yana son sa. Jan katako irin madaci, ko iroko, ya fi tsada da tauri, dole ka fara hudawa kafin ka ɗaura noti, sai dai yana riƙe mahaɗa, kuma iroko gara ba ta cika damunsa ba. In za ka shafa maganin ƙwaro ka sayi na katako a shagon fenti. Baƙin mai da wasu ke shafa wa katakon rufi kada ya kusanci gado, warinsa da tabonsa katifa za su bi.

In ni ne, ga yadda zan raba su. Ƙafafu da dogayen gefe biyu da na kai da na ƙafa, jan katako: inci 2 a 6 a gefuna, inci 3 a 3 ko 4 a 4 a ƙafafu. A cikin gefen ka manna 2 a 2 da farin gam da noti, a kansa filankan shimfiɗa za su zauna. Filankan nan farin katako busasshe ya isa, mai faɗin inci 4, kamar guda 11, kada tazarar tsakaninsu ta wuce inci 3 don kar katifa ta riƙa nutsewa a ramukan. Gado mai faɗin ƙafa 6 ba ya yiwuwa babu gungume a tsakiya: sa 2 a 4 daga kai zuwa ƙafa, da ƙafa ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa. Kusurwoyi kuwa ka haɗa da dogon noti mai kai da wanda ake ɗaure shi da shi, ko ƙarfen haɗa gado da ake sayarwa, ba ƙusa ba, kuma kar ka sa musu gam tunda za ka kwance wata rana.

MDF wurinsa fuskar gado. Can ba nauyi a kansa, ba ya taɓa ƙasa, kuma shi ne abin da mai shigowa ɗaki ke fara gani. Ka sa a yanka maka a inda ka saya, a rufe bakinsa da tef, don zarton hannu yana fasa ledar, ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga ƙirji. In dole kai za ka yanka, yi a waje da takunkumi.

Kafin ka yanka komai, auna katifarka da kanka, don ba kowace shida-da-shida ce take cika inci 72 daidai ba, ka ƙara kamar rabin inci a kowane gefe saboda zanen gado. In ka haɗa firam ɗin, auna a karkace daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta ɓangare biyu; sai awon ya zo ɗaya sannan ka ƙarasa ɗaure notin.