Facebook ko shafin intanet: wanne ne zai sa ChatGPT ya san makarantarki?

Wata Hajiya mai makaranta ta ce wani uba ya tambayi ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambayoyi, sakandare mai haɗe da tahfiz a garinsu, ya lissafo masa makarantu amma babu tata, alhali mabiyanta a Facebook sun fi na waɗanda aka ambata. Kuɗin da ta ware na abu ɗaya ne: ta ƙara wa tallan Facebook wuta, ko ta buɗe shafin intanet na makarantar?

Hajiya, in dai maganar AI ce, shafin intanet ne a gaba. Amma bari in jera miki su ki gani da idonki.

Waɗannan manhajoji ta hanya biyu suke sanin makaranta. Akwai abin da aka ɗura musu lokacin horo, wanda sau da yawa ya kwana biyu. Akwai kuma binciken da suke yi nan take idan an yi tambaya. ChatGPT ya samu nasa a ƙarshen 2024, shekarar da Google ma ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar AI a saman sakamakon bincike. Duk hanyoyin biyu rubutu suka fi dogara da shi, rubutun da ke buɗe ba sai an shiga da kalmar sirri ba.

A nan Facebook yake da rauni. Yawancin abin da ke cikinsa sai mai asusu ke gani sosai, kuma kamfanin ba ya sakin ƙofa ga manhajojin wasu kamfanoni su yi ta kwasa. Ga kuma halinmu na masu makarantu: an fara sayar da fom, sai a haɗa fosta mai kala biyar, kuɗin fom da ranar jarrabawar shiga da lambar waya duk a jikin hoto, a sama a rubuta “Alhamdulillah” kawai. Uba zai karanta ya gane. Manhajar da ke bincike kuwa galibi kalma ɗaya ta samu. Bidiyon saukar Alƙur'ani da ya tara dubban masu kallo ma haka yake, bai faɗa mata unguwar da kuke ba, bai faɗa mata ko kuna da kwana ba.

Ban ce ba shi da amfani ba. Meta AI, wanda ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, ɗan gida ne, kuma Meta, mai Facebook da WhatsApp, ta faɗa da bakinta cewa tana horar da shi da abin da mutane suka wallafa a fili a Facebook da Instagram. Sannan idan ɗalibai kike nema a wannan zangon, tallan Facebook ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai ranar da kuɗin talla ya ƙare, ranar ya tsaya. Zaman haya ne.

Shafin intanet kuwa jinkiri gare shi, yakan ɗauki makonni kafin injinan bincike su saba da shi, kuma duk shekara sai an sabunta rajistar sunan shafin da mazauninsa, wato inda ake ajiye shi a intanet. Abin da yake ba ki shi ne wuri ɗaya tabbatacce da za a ɗauko bayani a jingina da ke. Ba sai mai tsada ba. Shafuka kaɗan sun isa, muddin an rubuta amsar abin da iyaye ke tambaya a ofishin shugaban makaranta: cikakken adireshi da ƙaramar hukuma, jeka-ka-dawo ko kwana, maza ko mata, WAEC da NECO kaɗai ko har da NBAIS ta Larabci da addinin Musulunci, watan da ake sayar da fom, izu nawa ake sa ran yaro ya haddace a shekara. A rubuta da Hausa da Turanci, don iyaye da duka biyun suke tambaya. Kuɗin makaranta fa? Na san da yawanmu ba ma son bayyana shi saboda makwabta, amma ko iyakar ƙasa da sama ce a sa, tare da shekarar karatun, don kada a riƙa faɗa wa mutane farashin bara waccan.

Akwai abin da ya fi ƙarfin duka biyun: abin da wasu suka rubuta a kanki. Manhaja ta fi sakin jiki da makarantar da ta gani a wurare da yawa da suna iri ɗaya. Idan allon ƙofa ya ce Tahfiz, Facebook ya ce Tahfeez, takardar rajista ta ce Tahfidh, kin raba kanki uku. Ki tsayar da ɗaya. Ki sa makarantar a taswirar Google, kyauta ne. Masu kwaleji kuma ku duba yadda sunanku da kwasa-kwasanku suke a jerin hukumomin da ke kula da ku, NBTE ko NCCE, da kundin JAMB, ku rubuta su haka a shafinku, harafi da harafi.

Duk wanda ya ce ki biya shi ya sa ki ta ɗaya a ChatGPT, ki riƙe kuɗinki. Amsar takan sauya ko da tambaya ɗaya aka maimaita, ba wanda ke da mabuɗinta.

Da ni ce ke, kaso mafi tsoka zan sa a shafin, Facebook ya ci gaba ba tare da talla ba, amma duk fosta a kwafe abin da ke jikinta a rubuta a ƙasa, a liƙa adireshin shafin. Ki nemi sunan shafi mai ƙarewa da .sch.ng, wanda aka ware wa firamare da sakandare; .edu.ng na manyan makarantu ne. Ki tabbata da imel ɗin makaranta aka yi rajistarsa ba na yaron da ya gina shi ba, kuma kafin ki cika masa kuɗinsa ya nuna miki Google ya fara ganin shafin.