M Scaler ko HQPlayer, wanne ya dace da Ares II ɗinka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne ya fi dacewa da DAC ɗinka, wato na'urar da ke mayar da kiɗan dijital ya zama sauti: akwatin Chord M Scaler ko manhajar kwamfuta ta HQPlayer. Tunda Denafrips Ares II ne a hannunka, ka ɗauki HQPlayer kawai, ka bar maganar Chord M Scaler ɗin nan. Na ga wasu da suka riga ni amsa maka suna ta zuga ka, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Asalin aikinsu ɗaya ne. Sautin CD ana ƙidaya shi sau 44,100 a daƙiƙa, kuma kafin ya fito ta sifika dole a tace tarkacen da ke sama da 22 kHz, to a kan wannan tacewar ce ake duk wannan hayaniya. Yawancin DAC ɗan cip ne a ciki yake yin ta da gajeren lissafi iya ƙarfinsa, su kuma waɗannan biyun sai su karɓe aikin daga hannunsa, su ninka ƙidayar sau 16 ta koma 705,600, su tace da dogon lissafi, su miƙa masa abin da ya riga ya gyaru. Babu ɗayansu da zai dawo da abin da makirfo bai ɗauka ba tun a situdiyo, duk wanda ya ce maka MP3 zai koma kamar na asali ka san ciniki yake nema.

M Scaler dai ba a ce ba ya aiki ba, Rob Watts ne ya tsara shi, ya fito a 2018 kan fam 3,495, filtarsa tana da matakin lissafi sama da miliyan ɗaya. Amma cikakken ƙarfinsa ta wayoyin kowaksiyal guda biyu masu kai irin na BNC yake fita, kuma na'urorin Chord irin su DAVE da Qutest da Hugo TT 2 aka yi wa wannan hanyar. Ba shi da mafitar USB. Kai kuma ramin kowaksiyal na Ares ɗinka a 192 kHz ya tsaya, ka ga ka sayi kayan tirela ke nan alhali keke napep gare ka. Lissafa kuɗinsa a canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastam, ka gani ko ya cancanta.

Amma ta USB, Ares II yana karɓar nau'o'in sautin dijital guda biyu, PCM har 1,536 kHz da DSD har DSD1024, kuma yana da yanayin NOS, wato ka kashe ninkinsa na ciki ka bar kwamfuta ta yi. Nan ne HQPlayer yake nuna kansa. Wani ɗan ƙasar Finlan ne Jussi Laako yake rubuta shi a kamfaninsa Signalyst, filtoci ne a ciki birjik, har da wata sinc-M da ita ma ta kai matakin miliyan ɗaya idan ka ninka sau 16, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na akwatin Chord ba.

Ni Holo Audio Spring nake amfani da shi, shi ma DAC ne na R2R kamar naka, wato mai aiki da jerin resistoci maimakon cip guda. Akwai wasu tsofaffin fayafayan kiɗan gargajiya da marigayi babanmu ya bari, kalangu da kukuma, na juye su zuwa FLAC. A da in na kunna su a NOS tsurarsa a 44.1 kHz sautin yana da daɗi da taushi amma saman ya ɗan dusashe, in amshi ya shigo sai muryoyin su cakuɗe wuri guda. Da na sa filtar HQPlayer mai suna poly-sinc-gauss-long na ninka zuwa 705.6 kHz, wallahi sai ga makaɗa sun warwatsu kowa da mazauninsa, kana jin lokacin da mai kalangu ya matse igiyoyi a hammata muryar gangar ta hau, kana jin gogar kukuma a kan tsarkiya har da ɗan kaushin nan nata. Yayana ya zo daga Tudun Wada ran wata Juma'a bayan la'asar, ban ce masa komai ba na kunna, ya zauna shiru har waƙa ta ƙare sannan ya ce "Kai, ka canza sifika ne?" Na ce a'a Yaya, su ne dai. Ya ce in maimaita masa, wai rabonsa da jin faifan haka tun Baba yana kunna shi a zaure. Ba wai bambancin sama da ƙasa ba ne, kar in cika ka da buri, amma in kunnenka ya saba da shi komawa baya tana da wuya.

HQPlayer yana da nasa wahalar fa. Fuskar manhajar ba ta da kyan gani, neman waƙa a ciki sai haƙuri, shi ya sa mutane da yawa suke haɗa shi da wata manhajar kunna waƙoƙi mai suna Roon, Roon ya riƙe laburare shi kuma ya yi lissafi. Wannan kuma wani kuɗin ne daban, kar ka fara da shi. Sannan maganar kwamfuta. In PCM za ka tsaya, laftof mai dama-dama ta isa. In ka ce sai DSD256 da ASDM7EC, wato ɗaya daga cikin lissafin da HQPlayer ke mayar da sauti DSD da shi, to firosesa mai ƙarfi kake buƙata, kuma ka san zafin Kaduna a Maris da Afrilu, fanka za ta yi ta ihu a falo, inbata kuma ya zuƙe batir kafin a dawo da wuta. Ni na kai kwamfutar ɗaki na gaba, na sa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai NAA, wato manhajar da ke karɓar sauti daga HQPlayer ta netwok, kusa da DAC na haɗa su da wayar netwok, falo ya yi tsit. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe ta kana hure ƙura. Shawarata ka fara da PCM 705.6 da 768 kHz, ka sauke ƙarar cikin manhajar zuwa -3 dB saboda kar sautin ya tsage in an ninka shi, in a Windows kake ka sa direban sauti na ASIO na Denafrips ɗin.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Akwai masu talla a intanet da za su ce za su sa maka HQPlayer "na har abada" daga filash kan 'yan dubbai, kirak ne, wato manhajar sata da aka fasa, kuma kwamfutar da kake shiga banki da ita za ka ɗora shi a kai. Lasisi daga shafin Signalyst ake saye. Haka masu cewa suna da manhajar ciki ta musamman da za ta mayar da Ares ya zama Pontus, samfurin Denafrips da ke sama da shi, ƙarya suke, Pontus kayan cikinsa ne daban. Gaskiya ne manhajar ciki tana iya canza sauti, kamfanin PS Audio sun yi shekaru suna raba wa masu DAC ɗinsu na DirectStream sabuwa kyauta da sunayen duwatsun Kolorado irin su Snowmass da Windom, amma daga hannun kamfani take fitowa, ba daga wani mai lamba a WhatsApp ba. In za ka sabunta taka, ka duba ta dace da samfurinka daidai, kuma ka jona DAC da kwamfuta duka a inbata, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa na'urar tana iya mutuwa, mai gyaran FPGA, wato cip ɗin da manhajar ciki ke zama a kai, kuwa sai ka sha yawo kafin ka same shi. Masu kawo tokumbo daga Amurka su ma ka sa musu ido, wutar can 120 ce tamu 230, ka ce a ɗauko maka hoton bayan na'urar ka karanta da idonka, kuma kar ka tura ko sisi sai an kunna a gabanka an gwada kowane rami.

Sauke HQPlayer na gwaji yau, kyauta ne, yana aiki minti 30 ya tsaya sai ka sake buɗe shi. Ɗauki fayafayan da ka fi sani, ka daidaita ƙarar ta zama ɗaya, ka sa wani a gida ya riƙa canza maka ba tare da ka san wanne ke kunne ba. In ka ji bambanci ka biya lasisi, ragowar kuɗin M Scaler ka ƙara batir ko ka gyara bangon falo da labule mai kauri da kafet. In ba ka ji komai ba ka riƙe kuɗinka, Ares II da filtarsa ta ciki ya ishe ka.