Ɓauren Gida ko Tin: Wanne ne a Tsakar Gidanka?

Masu sayen dashe kan kira su duka ɓaure, amma itatuwa biyu ne daban, kuma tun daga ganye ake raba su.

Ɓauren gida, wanda ke son bakin rafi da fadama, ganyensa zagayayye ne mai kaushi, ba shi da yatsu. 'Ya'yansa kan fito cunkus a jikin kututture da tsofaffin rassa, in ka fasa ɗaya sau da yawa za ka tarar da ƙananan ƙwari a ciki, su ne masu yi masa barbara. Yana iya kai mita 20, saiwarsa kuma tana ta da daɓe. Ban ba wa mai ƙaramin gida shawarar ajiye shi kusa da katanga ba.

Tin kuwa, irin wanda ake kawo busasshensa daga Turkiyya, ƙaramin itace ne. Ganyensa a tsage yake, yatsu 3 zuwa 5, ɗansa kuma yakan fito ne a hammatar ganye, ba a kututture ba. Yawancin waɗanda ake dasawa a gida suna nuna ba tare da ƙwaron ba.

Sai dai ganye ba zai faɗa maka wane irin tin ne ba, ko Brown Turkey ko Black Mission, domin ko a itace ɗaya siffarsa kan bambanta. Jira ɗan ya nuna, ka duba launin fatarsa, ka raba shi ka ga cikinsa, sannan ka lura ko ɗan ramin ƙasansa a buɗe yake. Ka kiyayi farin ƙaronsa wajen tsinka, yana sa ƙaiƙayi.