Kyamarar nan ba ta rufa wa ɗan koyo asiri

Wata uku ke nan da na sayi sabuwar kyamarar HD don aikin makaranta, sai yanzu na huce har zan iya cewa wani abu a kanta.

Ranar da na fara kunna ta, ni kaɗai na yi ta murmushi. Tsohuwar da muke aro a sashenmu ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye take ɗauka, wannan kuwa 1920 da 1080, ɗigon hoton ya ninka sau biyar ke nan. Gashin gira ma sai ka ƙirga. Ashe yadda take fito da kyau, haka take fito da kuskure.

Aikina na farko hira ce da wani dattijo, wanda sai da na yi sati biyu ina zarya kafin ya yarda. Na zaunar da shi, bayansa kantar littattafai. Na bar fokas, wato saitin da ke zaɓar abin da zai fito tar a hoto, a otomatik, na buɗe idon kyamarar har f/1.8 don bayan ya yi dishi-dishi irin na manyan finafinai. A ɗan allon kyamarar komai garau. Minti 40 yana magana, ni kuma ina ta gyaɗa kai, ina jin na zama darakta.

Da dare na zuba a kwamfuta, gabana ya yanke ya faɗi. Sunan kowane littafi a bayansa ana karantawa tsaf, fuskarsa kuwa kamar a cikin hazo. Da ya ɗaga hannu sai kyamarar ta bi hannun, ta leƙa fuskar, ta koma kan littattafai. Na kwana ina gwada dabaru a manhajar tace fim, a banza. Fokas in ya kuɓuce a wajen ɗauka, ya tafi ke nan.

Na san da laifina. Malaminmu ya nuna min cewa akwai maɓallin da ke zuƙo hoto don a duba idon mutum kafin a fara, akwai kuma saitin da ke zana launi a gefen duk abin da fokas ya kama. Shi ya sa ni na daina dogara da otomatik: hoto 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga wa kowane hoto) a 1/50 na daƙiƙa, launin haske 5600 in a rana ne, 3200 in ƙwan fitila mai ja-ja ne. Tun daga nan hotunana suka gyaru, har na fara yabon kyamarar a gaban abokai.

Amma kuma da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Saitin da zai ceci ɗan koyo, me ya sa aka binne shi can cikin jerin saituna, kuma a kashe ya zo? Allon inci 3 ne, a rana ba ka ganin komai sai fuskarka. Batirin ma bai kai ni ƙarshen yini ba ko sau ɗaya. Sannan ta taɓa tsayar min da ɗauka a tsakiya saboda memorina ba ya da sauri, sai da na nemo mai alamar sauri ta V30.

Hoto dai tana da shi, ba zan ci hakkinta ba. Wanda ya tambaye ni, cewa nake ya saya in zai yi sati guda yana ɗaukar ƙannensa kafin ya tunkari aikin gaske. Dattijon nan ya yarda mu sake, bayan ya yi min dariya son ransa. Wannan karon zan rage buɗin idon kyamarar, a f/4 zan tsaya, kuma nesa da littattafan nan zan zaunar da shi.