Bakko, roba ko adaka? Abin da za ki saya idan kina son fili a gida da littafi a wata guda

Ɗakin da muke kira sito a gidanmu ƙarami ne, yana jingine da kicin, taga ɗaya gare shi. Ƙarshen Oktoban bara na tsaya a ƙofarsa ina kallon abin da shekara goma sha ɗaya ta tara: tsohuwar katifa a naɗe, samiru da kwallayen aurena da ban taɓa ɗora wa wuta ba, fanka biyu matattu, kayan yara huɗu tun na goyo, da kwalaye uku na takardun Baban Ummi. A cikin ɗakin nan nake son ajiye tebur, domin akwai labarin da na shekara uku ina ɗauke da shi a kai, kuma na gane ba zai rubutu a falo ba, inda talabijin da baƙi da "Mama ga wane ya doke ni" ba sa yankewa.

Dabarar rubuta littafi a wata guda daga Amurka na aro ta. A 1999 wani mai suna Chris Baty ya tara abokansa, su 21, a yankin San Francisco, suka ƙudura kowa zai rubuta ƙagaggen labari cikin wata ɗaya. Abin ya girma ya zama NaNoWriMo, ana yinsa duk Nuwamba, kalma 50,000 a kwana 30. Ƙungiyar ta rufe a 2025, amma lissafin yana nan ga mai so: kalma 1,667 kowace rana. Ki riƙe wannan adadi, domin da shi za ki auna duk abin da za ki saya. Kayan da zai cinye miki kwana biyar kafin ya iso ya ɗauke miki kalma fiye da 8,000.

Kada ki je kasuwa kafin ki tantance kayan. Na ga mata da yawa sun fara da sayen robobi goma, suka cika su da abin da ya kamata ya bar gidan, suka mayar da su ɗakin. Ki ba tantancewa kwana uku, kada ya wuce. Abin ƙarfe da ya mutu, 'yan gwangwan za su auna su ba ki kuɗi. Samiru da kwallaye da atamfofin da ba a ɗinka ba, dillaliya ta san mai so, kuma da kuɗin samiruna na sayi rabin abin da zan lissafa a ƙasa. Kayan yara kuwa akwai wanda ke jiransu a dangi ko a maƙwabta. Abu biyu ne ba a gaggawa a kansu. Na farko kayan da ba naki ba, na maigida ko na surukarki ko na mamaci da ba a raba gadonsa ba. Ranar da na ɗauko wata tsohuwar jaka zan fitar, Hajiya ta leƙo ta ce, "Maman Ummi, ajiye min wannan, da ita Malam ya je Makka." Na ce, "To Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri," na goge ta na ba ta wuri. Na biyu takardu masu ayoyi da tsofaffin littattafan Islamiyyar yara: ki ware su daban, a ƙona su a wuri mai tsabta ko a binne, ba a haɗa su da shara.

Abin da ya rage bayan nan shi za ki saya wa mazubi, kuma tambayar da za ki yi wa kowane mazubi ita ce: wane maƙiyi yake karewa? A gidajenmu maƙiyan biyar ne, ɓera, gara, kyankyaso, laimar damina da ƙurar hunturu.

Jakar bakko, wadda aka fi sani da Ghana-must-go tun korar baƙi ta 1983, ita ce mafi araha kuma mafi saurin samu. Tana cin kaya da yawa, ba ta da nauyi, idan babu komai a ciki ki ninke ta ki cusa bayan sif. Amma zif ɗinta ne ke fara mutuwa, ɓera yana huda ta a dare ɗaya, kuma ba ta ɗoruwa: ki ɗora uku, da safe ki tarar sun zame sun tare ƙofa. Ni a wurina aikinta ɗaya ne, ɗaukar kayan da za su bar gidan. Ga bargo da rigunan sanyi da za a buɗe nan da makonni kaɗan ma ba laifi. In za ki saya, ki ja zif ɗin sau uku a gaban mai kaya, ki duba ɗinkin hannun ya zagaya har ƙasan jakar.

Kwali kyauta ne ko kusa da kyauta, shi ya sa yake da jan hankali. Ki bar shi. Gidan kyankyaso ne, abincin gara ne, yana shan laima daga siminti. Kwalayen Baban Ummi guda uku, na ƙasan da muka ɗaga gindinsa ya zauna a wurin, gara ta cinye rabin fayil ɗin da ke ciki, har da rasiɗan da ya daɗe yana nema.

Robar ajiya mai murfi, irin wadda ake samu a Ƙofar Wambai da Sabon Gari, ita na fi saya, kuma ita zan ba yawancin mutane shawara. Tana hana ƙura da kyankyaso, tana ɗoruwa huɗu ko biyar a kusurwa ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da ke samar da fili, domin fili a ƙaramin ɗaki sama ake nemansa. Sai dai roba suna ta tara. Akwai mai garai-garai da ake ganin abin da ke ciki, tana rage miki bincike, amma ta fi saurin tsagewa idan ta sha zafi ko ta faɗi. Akwai mai kauri mai launi, ta fi jure wahala, sai dai ki manna takarda a jikinta ki rubuta abin da ke ciki. Ki danna tsakiyar murfin da tafin hannu: in ya lotsa sosai, ba zai ɗauki wata a kansa ba. Ki zaɓi mai maƙalli a gefe biyu. Ki sayi girma ɗaya, kamfani ɗaya, don su hau kan juna daidai. Matsakaiciya ta fi ƙatuwa, saboda ƙatuwar idan ta cika littattafai sai mutum biyu. Kuma kada ki rufe tufafi a ciki sai sun sha rana sun bushe ƙarau, in ba haka ba fumfuna za ki tarar. Ƙarshen Oktoba ya dace da wannan, damina ta ɗauke, rana na da ƙarfi. Ki jefa kafur biyu ko uku a kowace.

Sai adaka, akwatin ƙarfen iyayenmu. Ta fi roba tsada da nauyi, ba ta da kyan gani a idon 'yan zamani, amma ɓera ba ya iya mata komai, gara ma haka, kuma tana ɗaukar kwaɗo. Guda ɗaya ta isa gida: takardun fili, takardun makaranta, hotuna, da rubutunki in da hannu kike yi. Maƙiyinta tsatsa, don haka ki ɗora ta a kan bulo biyu ko katako, kada ta zauna a siminti. Wajen saye ki ƙwanƙwasa gefenta ki ji kaurin ƙarfen, ki shafa bakin murfin ko akwai kaifin da zai yanki yaro, ki duba fatar murfin da maƙalar kwaɗon. Kafin ma ki saya, ki tambaya a gida. Da wuya a rasa wata a ƙarƙashin gadon Inna.

Kanta ko sif na kafinta shi ne ya fi kowanne kyau, kuma shi ne zan ce ki jinkirta. Awo, kuɗin kafin alƙalami, "gobe in sha Allahu", fenti, jiran ya bushe, ranar kafawa: watanki ya tafi. Ga shi katakon da ake matsawa daga gari, wanda aka fi yin kayan ɗaki da shi yanzu, yana kumbura da zarar ya sha ruwa. Idan littafin ya kammala, kin kuma zauna a ɗakin kin san inda kike buƙatar kanta, sai ki kira kafinta a natse. Tebur da kujera na roba sun isa wata guda, da sharaɗin gwiwar hannunki ta zauna daidai da saman teburin. Ki gwada su tare a kasuwa. Ki sa matashi a bayanki.

Yanzu abin rubutun kansa, inda nake ganin nan ya kamata kuɗin ya fi tafiya.

Littafi da biro ba sa neman caji, ba sa kawo saƙon WhatsApp. A rubutuna shafi ɗaya yana ɗaukar kalma wajen 200, wato shafi takwas da ɗoriya kullum, shafi 250 a wata. Hannu yana gajiya, kuma bayan kin gama akwai wani aikin sabo na bugawa. Ya dace da wadda tunaninta ba ya gudu sai da biro, ko wadda ba za ta iya kallon waya ba tare da ta leƙa hira ba.

Waya ita ce da yawan marubutanmu na intanet ke aiki da ita, kuma an rubuta dogayen littattafai da babban yatsa biyu. Manhajojin rubutu irin su WPS Office ko Google Docs sun wadatar. Ki saka Hausa a Gboard, wato manhajar madannan waya, domin ki samu ɓ da ɗ da ƙ, kada "ƙasa" ta koma "kasa" a hannun mai karatu. Matsalarta wuya da ido da yatsu, idan ana maganar kalma 1,667 kullum babu hutu. Maganin da na samu shi ne ƙaramin kibod mai Bluetooth da ɗan abin jingina waya. Kuɗinsu bai kai ko kusa da na kwamfuta ba, cajin kibod ɗin yana kwanaki, ƙaramin fawabank kuma yana riƙe wayar idan an ɗauke wuta. Ki je da wayarki kasuwa, Farm Centre ko Beirut in a Kano kike, a haɗa su a gabanki, ki buga layi biyar ki tabbatar babu harafin da ke maƙalewa, ki kuma gwada yadda za ki fitar da haruffa masu lanƙwasa, domin ba kowane kibod ke ba da su kai tsaye ba. In bai bayar ba, ki rubuta haka nan ki gyara su a zagaye na biyu.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin su ThinkPad, EliteBook ko Latitude, ita ta fi daɗin aiki idan aljihu zai ɗauka, musamman lokacin gyara, inda kike son ganin shafi gaba ɗaya. Rubutu ba ya buƙatar mai ƙarfi, littafin duka bai cika megabait ɗaya ba. Batir da madannai su ne abin dubawa. Ki ce a cire caja, ki zauna a shagon minti ashirin kina bugawa, ki ga nawa ya sauka. Mai kaya da ya ƙi yarda da wannan, ki yi masa sallama. Amma in ba ki iya bugu da yatsu goma ba, kada ki haɗa koyon kwamfuta da watan rubutu, ki tsaya a wayar da hannunki ya saba da ita.

Abin da na saya a ƙarshe: roba shida masu kauri, bakko huɗu da suka fita da kaya ba su dawo ba, tebur da kujera, kibod, da fitila mai caji saboda rubutun bayan sallar asuba, kafin yara su tashi. Adakar ta Inna ce, fenti kawai na sake mata. Kowane dare kafin in kwanta ina tura abin da na rubuta zuwa imel ɗina, na kuma tura wa ƙanwata kwafi, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ranar 30 ga Nuwamba ina da kalma 46,000 da 'yan kai, saura babi biyu, na ƙarasa su a makon farko na Disamba. Jakar Malam tana saman robobin, inda Hajiya ke ganinta duk sanda ta wuce kicin.